Mai Sharhin da Bai Ga Wasan Ba

Duk wanda ya taɓa manna rediyo a kunne yana bin wasan ƙwallo ya san cewa idon mai sharhi aro ake yi. Abin da ya gani shi ka gani, abin da ya kuskure kuwa ya wuce ka har abada. A Amurka wannan sana'a ta soma ne a 1921. Ranar 5 ga Agusta, tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta aika wani matashin injiniya, Harold Arlin, ya zauna a filin Forbes yana faɗa wa jama'a yadda wasan besbol ke gudana tsakanin Pirates da Phillies. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, shi ɗin dai ya yi sharhin wasan jami'o'i na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, tsakanin Jami'ar Pittsburgh da ta West Virginia.

Besbol wasa ne da ya dace da rediyo ƙwarai. Kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya make ta, sannan ya zuba da gudu ya kewaya tashoshi huɗu ya dawo gida, ya ci maki ɗaya. Zagaye tara ake yi, kuma tsakanin jifa da jifa akwai ɗan shiru. A cikin wannan shirun ne gwanin sharhi ke baje kolinsa: ya ba da labarin garin su ɗan wasa, ya faɗi inda iska ta nufa, ya kwatanta yadda mai jifa ke share gumi da hula.

Cikin waɗanda suka ci abinci da wannan aiki akwai Ronald Reagan. Ya gama Kwalejin Eureka ta jihar Illinois a 1932, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aiki ya yi wuyar samu. Ya je tashar WOC a garin Davenport na jihar Iowa neman aiki. Shugaban shirye-shirye, Peter MacArthur, ya tsayar da shi gaban makirfo a ɗakin da babu kowa, ya ce ya yi sharhin wasa daga ka. Reagan ya tuno wani wasa da ya buga wa kwalejinsu, ya zayyano ƙarshensa tamkar yana kallo. Nan take aka ba shi wasan Jami'ar Iowa na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a kan dala 5 da kuɗin mota.

Wani zai yi mamakin a ce wasan ɗalibai ne ake ba wannan muhimmanci. A jiha irin Iowa, wadda ba ta da babbar ƙungiyar ƙwararru, jami'a ita ce abin alfaharin kowa, har manomin da bai taɓa taka harabarta ba.

Da Reagan ya koma tashar WHO a Des Moines, sai aka ɗora masa wasannin besbol na ƙungiyar Chicago Cubs, kuma a nan ne aikin ya zama abin al'ajabi. Reagan ba ya zuwa filin. Yana zaune ne a ɗaki, nisan ɗaruruwan kilomita daga Chicago. Wani mutum a filin yana bugo tangaraho, ma'aikaci a tashar ya rubuta saƙon a 'yar takarda ya miƙo masa ta taga. Takardar ba ta wuce haruffa kaɗan. Daga waɗannan haruffa zai gina komai: tsayuwar mai gora, lilon hannun mai jifa, ihun 'yan kallo.

Shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da waya ta katse, ana zagaye na tara tsakanin Cubs da St. Louis Cardinals, Dizzy Dean na jifa. Ya san in ya yi shiru masu sauraro za su juya zuwa wata tasha. To, a dokar besbol, in mai gora ya buga ƙwallo ta fita gefen layi bayan ya riga ya kuskure sau biyu, ba a lissafa masa komai, sai a sake jifa. Reagan ya kama wannan doka ya riƙe gam. Ya sa ɗan wasan ya yi ta fitar da ƙwallo gefe, har ya kawo labarin yara biyu suna kokawa a kan wadda ta faɗa cikin 'yan kallo. Ya shafe mintuna yana haka. Da wayar ta dawo, ashe tun jifar farko aka cafe ƙwallon, ɗan wasan ya fita.

A ganina wannan ba yaudara ba ce irin ta mai canza sakamako. Maki bai ƙaru ba, bai ragu ba. Abin da ya kare shi ne zaren da ke haɗa mai sauraro da filin, kuma wanda bai ƙaunaci wasan har ya haddace dokokinsa ba, ba zai iya ba.

A 1937 ya bi Cubs zuwa atisaye a tsibirin Catalina na California, kuma a wannan tafiyar ce kamfanin fim na Warner Brothers ya gwada shi ya ɗauke shi. A fim ɗinsa na farko ma mai gabatar da shiri a rediyo ya fito. A 1988, yana shugaban Amurka, ya je filin Wrigley na Chicago, ya zauna kusa da mai sharhi Harry Caray, ya yi sharhin wani ɓangare na wasan Cubs, wannan karon yana kallo da idonsa.