Sayen Agogon Hannu a Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Illela ranar Lahadi, a lokacin da mutanen Amarawa da na Gwadabawa da baƙin Birnin Ƙonni suka cakuɗe, ana ciniki da naira ana lissafi da sefa, ba zai rasa ganin mai tallar agogo ba, ya jera hajarsa a faranti ko a cikin akwatin gilashi, rana tana dukan su suna walƙiya har su ɗauke ido. A gaban irin wannan faranti ne wani saurayi, ɗan maƙwabcina, ya tare ni kwanan baya, ya ce: "Baba, don Allah duba mini, wanne ya fi kyau a cikin waɗannan?" Na ce masa: "Ɗana, kyau kam idonka ya ishe ka, amma in gaskiyar agogo kake nema, sai mu sami inuwa mu zauna." Abin da na gaya masa a ƙarƙashin rumfa shi ne nake so in shimfiɗa a nan, domin na lura da yawa daga cikinmu suna sayen agogo ne kamar yadda ake sayen zobe, alhali kuwa shi ma'auni ne, ɗan'uwan mudu da sikeli, kuma sharaɗin farko ga kowane ma'auni shi ne ya faɗi gaskiya.

Kalmar agogo kanta baƙuwa ce da muka aro daga Yarbawa, waɗanda a wurinsu take nufin ƙararrawa, kuma har yau idan muka ce ƙarfe biyu ko ƙarfe bakwai, muna tuna zamanin da ake buga wani guntun ƙarfe a bariki don a sanar da jama'a sa'ar da aka shiga. Sa'a da daƙiƙa kuwa daga Larabci suka zo mana, ta hannun malamai. Kafin duk wannan, kakanninmu ba su jahilci lokaci ba: suna da asuba da hantsi da walaha, suna da azahar da la'asar da almuru, kuma malamin da ya karanta fiƙihu ya san yadda zai auna inuwarsa da tafin ƙafa ya gane ko rana ta yi zawali.

Agogon da ake samu a kasuwanninmu iri biyu ne a asali, ko da yake fuskokinsu sun fi a ƙirga. Na farko shi ne na inji, wanda ba ya cin batir. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe a nannaɗe, wanda idan aka wana shi yake tara ƙarfi, sa'an nan ya riƙa sakinsa sannu a hankali ta cikin ƙafafu masu haƙora, har ya isa ga wata 'yar ƙafa mai kai da komowa, wadda ita ce zuciyar agogon, kuma bugunta ne kunne yake ji. Wani da yatsa ake wana shi kowace safiya; wani kuma, wanda ake kira otomatik, yana da wani nauyi a bayansa mai juyawa da motsin hannu, saboda haka muddin yana ɗaure a hannun mai aiki ba zai tsaya ba, amma idan aka ajiye shi kamar kwana biyu sai ya yi shiru. Mafi shahara a wannan jinsi a ƙasar Hausa shi ne Seiko 5, wanda kamfanin Seiko na Japan ya fara fitarwa a 1963, kuma dattawa da yawa sun san shi a matsayin tsarabar alhazai. Zuciyar irinsa tana bugawa sau 21,600 a sa'a guda, wato sau 6 a kowace daƙiƙa, kuma duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskarsa ba ado ba ne, yakutu ne na haɗi da ake dasawa a wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe don kada su cinye juna.

Na biyu shi ne mai batir, wanda galibi za ka ga an rubuta Quartz a fuskarsa, kuma hikimar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta. Allah Ya halicci wani irin farin dutse mai ƙyalli, wanda shi ne quartz ɗin, da wata ɗabi'a ta ban mamaki: idan aka yanka shi ƙanƙane aka ratsa shi da wutar lantarki, sai ya kama makyarkyata bisa ƙa'ida guda wadda ba ta cika sauyawa ba. Masu ƙira suna yanka shi daidai yadda zai kaɗa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba, domin idan ka raba shi biyu, ka sake raba abin da ya fito biyu, har sau 15, ɗaya cak zai rage maka. Wannan ɗayan shi ne taki guda da tsinken daƙiƙa yake yi. Ranar 25 ga Disamba 1969 aka fara sayar da agogon hannu mai aiki da wannan dutse a birnin Tokyo, mai suna Astron, a kan yen 450,000, kuɗin da a lokacin ya kai na ƙaramar mota. Yau ga irinsa a faranti a Illela, yaro yana saye da kuɗin ƙwadagonsa.

To, wanne ya fi faɗin gaskiya? A nan babu jayayya. Agogon inji na talaka yana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa 20 a yini, wanda in an tara ya zama minti 10 a wata, kuma hatta masu tsadar da ake jarrabawa a Suwizalan a ba su shaida, an yarda musu su yi baya da daƙiƙa 4 ko gaba da 6 kowace rana. Mai batir na kirki kuwa kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 zuwa 30 ba a wata cur. Ɗan ƙaramin Casio F-91W na roba, wanda ya fito a 1989, batirinsa yana kai kimanin shekara 7. Saboda haka ra'ayina, ba tare da kewaye-kewaye ba, shi ne: ladan, da direban da ke lodi zuwa Sakkwato, da ma'aikaciyar jinya mai ƙirga bugun jini, da mai ban ruwan albasa a fadama, mai batir ya fi dacewa da su. Na inji yana da darajarsa, domin idan ana wanke shi ana sa masa mai bayan 'yan shekaru yakan kai ga jikoki, amma sai wanda ya san yana da mai gyara na amana a kusa ya kamata ya ɗauki nauyinsa.

Sai dai akwai wani abu da ya fi zaɓen iri muhimmanci, wanda na ga ana yawan tuntuɓe a kansa, shi ne zaton cewa agogo ne yake hukunta lokacin salla. Nijeriya ta ɗauki lokaci guda ga ƙasa duka tun 1919, sa'a ɗaya gaba da na Girinwic a Ingila, kuma Nijar ma a kansa take a yau, shi ya sa mai tsallakawa Ƙonni ba ya taɓa agogonsa. Amma wannan lokaci an gina shi ne a kan layin digiri 15 gabas, mu kuwa a Amarawa muna wajen digiri 5 da 'yan kai, kuma kowane digiri guda minti 4 ne na tafiyar rana. Ma'anar wannan ita ce, idan agogonka ya nuna 12 daidai, rana ba ta kai tsaka ba tukuna a kanmu. Zawali a nan yakan faɗo wajen 12:22 a farkon Nuwamba, ya ja har wajen 12:53 a tsakiyar Fabrairu. Mutumin Maiduguri yana riga mu ganin faɗuwar rana da kimanin rabin sa'a, ko da yake agogonmu da nasa abu ɗaya suke faɗi. Wanda ya sha ruwa a Ramadan da jadawalin wani gari na gabas, ya dogara ga agogonsa mai tsada, ya jefa azuminsa cikin haɗari. Haka nan agogunan nan masu kiran salla, irin su Al-Fajr, amfaninsu yana rataye ne ga a saita musu garin da mutum yake, ko mafi kusa da shi. In an bar su a kan Makka ko Legas, za su yi ta kira a kan kuskure ba tare da sun sani ba.

Bayan wannan sai a dubi ƙasar da agogon zai zauna. Mu mutane ne masu alwala sau biyar a yini, masu zufa a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, masu shan ƙurar hunturu wadda ba ta barin ko ƙaramar kafa. Maɗaurin fata, duk kyansa, ruwa da gumi suna ruɓar da shi cikin 'yan watanni har ya yi wari. Na baƙin ƙarfe marar tsatsa ya fi jurewa, na roba kuma yana da sauƙi amma yakan tsage in ya tsufa. Rubutun da ke bayan agogo game da ruwa yana ruɗin mutane ƙwarai: wanda aka rubuta wa mita 30 ba a nufin a nutsa da shi rijiya, iyakarsa fantsalin ruwa da yayyafi, sai mai mita 100 ne ake iya iyo da shi. Ko wannan ma, wata 'yar robar da ke zagaye da murfin baya ce take tsare shi, saboda haka duk ranar da aka buɗe don sauya batir, ka tsaya ka ga an mayar da ita mazauninta. A wajen alwala kuwa, ko agogon ba ya shan ruwa, wajibi ne ruwa ya game hannu har gwiwa, don haka a cire shi ko a sassauta a motsa shi. Kada kuma a bar shi a gaban gilashin mota cikin rana, ko a kwantar da na inji a jikin rediyo ko lasifika, domin maganaɗisu yana rikita masa tafiya.

Game da zinariya, hukuncin ya bayyana a littattafanmu cewa an haramta wa maza sanya ta, an halatta wa mata. Abin da ya fi yawa a kasuwa ruwan zinariya ne kawai aka shafa, ko ma launi ne, kuma wanda zuciyarsa ta yi shakka ya tambayi malaminsa kafin ya saya, ba bayan ya saya ba.

Saura maganar jabu, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ni kaina na taɓa sayen agogo mai ɗauke da wani babban suna a hannun wani ɗan talla, da arahar da ta kamata ta farkar da ni, kafin wata uku ruwan jikinsa ya koɗe, ya bar mini kore a fata, tsinkensa guda ya faɗo cikin gilashi. Agogon da asalinsa ake sayarwa da kuɗin gida ba zai zo faranti da kuɗin buhun gero ba, kuma wanda ya ɗaura shi yana sane, don a ɗauka shi wani ne, ya sayi abin da ba ya ba shi lokaci, ya kuma kusanci riya. Ƙaramin suna na gaskiya ya fi babban suna na ƙarya amfani, nesa ba kusa ba. Ka juya agogon ka karanta bayansa, ka duba ko rubutun ya fita tsaf, ka ja maɓallin ka juya tsinkayen ka ji ko suna tafiya ba tare da cijewa ba, ka ga ko tsinken daƙiƙa yana sauka a kan alamominsa, ka kuma tabbata idonka yana karanta fuskar ba tare da ka matso da ita ba, musamman in shekaru sun fara ja.

Ɗan maƙwabcin nawa dai ya ajiye mai walƙiyar, ya ɗauki wani baƙi mai batir, muka yi sharaɗi da mai hajar cewa za a gwada shi mako guda, in ya saɓa a dawo da shi. Wannan sharaɗi nake roƙon kowane mai saye ya nema: ka saita agogon da ƙarar sa'a ta rediyo a ranar da ka saye shi, ka sake gwada su ranar kasuwa mai zuwa, kuma kada ka yar da takardar ciniki sai ka ga abin da ya nuna.