Yadda Tsofaffin Takardu Ke Tayar Da Rusassun Fadoji A Ƙasar Belarus

Ƙasar Belarus, wadda ke tsakanin Polan da Rasha, ta gaji fadoji da gidajen gandu masu yawa daga manyan attajirai da masu sarauta na zamanin da. Gobara da yaƙe-yaƙen duniya biyu sun cinye da dama daga cikinsu. Fadar Ruzhany ta zuri'ar Sapieha da fadar Kosava duk sun ƙone a shekarar 1944. Tambayar da ke gaban magini ita ce: yaya za a mayar da gini yadda yake alhali waɗanda suka san shi sun riga mu gidan gaskiya? Amsar tana cikin ɗakunan ajiye takardun tarihi.

Mafi amfani a cikin waɗannan takardu su ne kundayen ƙidayar kaya. A al'adar wancan lokaci, idan za a raba gado ko a ba da hayar gandu, sai magatakarda ya bi gidan ɗaki bayan ɗaki yana rubuta ƙofofi da tagogi da murahun ɗumama ɗaki da irin rufin da aka yi. Don tsaron dukiya ya yi aikin, amma ga shi a yau rubutun nasa ya fi labarin mawaƙa amfani ga masu bincike. Akwai kuma zane-zanen Napoleon Orda (1807 zuwa 1883), wanda ya zagaya yankin ya zana gine-gine fiye da 1,000. Sai dai mai zane yakan ƙawata abin da ya gani, don haka tilas a auna zanen da abin da kundi ya faɗa da kuma harsashin da aka tono.

Fadar Nesvizh ta zuri'ar Radziwill kyakkyawan misali ce. An soma gina ta a 1583, zuri'ar ta bar ta a 1939, daga baya hukumomin Tarayyar Sobiyet suka mayar da ita gidan jinya. An kammala gyaranta a 2012. Takardun gidan kuwa sun warwatsu, wasu suna Minsk, wasu suna Warso, har da wasu biranen. Hukumar UNESCO ta sanya fadar cikin kayan gadon duniya a 2005, takardun kuma ta yi musu rajista a 2009.

To, ina ruwan ilmin halittu da wannan al'amari? Ai ita kanta takardar daga tsiro ta fito. Ta da can daga tsummokaran lilin ake yin ta, shi ya sa take da ƙarko. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin ta da niƙaƙƙen itace, wanda ke ɗauke da sinadarin lignin, mai sa takarda ta yi ja ta riƙa karyewa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da kundin shekara 300 ya fi na shekara 100 lafiya. Tawadar ma haka: ana haɗa ta da gishirin ƙarfe da wani ƙululu da ƙananan zanzaro ke haddasawa a jikin itacen oak. Ƙululun cike yake da tanin, wato irin sinadarin da majema ke samu a bagaruwa. Wannan tawada tana kama takarda sosai, amma a hankali takan ci wurin da ta kwanta har harafi ya zama huda.

Babban abokin gaba shi ne danshi. Da zarar laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100, sai fumfuna irin su Aspergillus da Penicillium su tsiro, su narkar da zaren takardar su mayar da shi abinci. Wannan ne ya sa ma'aikatan ajiya ke riƙe ɗakunan a sanyaye kuma a bushe, suna kuma ɗaukar hoton kowane shafi zuwa kwamfuta domin masu bincike su rage taɓa na asalin.