Filin Manoma: Abin Da Murfin Baƙin Mai Ke Faɗa Wa Mai Inji

Yanzu an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, aiki ya koma fadama. Wannan shi ne lokacin da inji ba ya hutawa. Na ban ruwa yana kuka tun asuba, akori-kura tana jigilar tumatir da albasa zuwa kasuwa, tarakta kuwa tana gyaran filin alkama. Injin da ke aiki haka lalle ya sha baƙin mai, tilas a riƙa dubawa ana ƙarawa. A nan ne wani abu kan tayar da hankalin manoma da direbobi. Mutum ya buɗe murfin baƙin mai mota tana kunne, sai ya ji muryar injin ta sake, ya kama kakkarwa kamar zai mutu, ko kuwa ya ɗan ƙara gudu shi kaɗai. Da an mayar da murfi sai ya daidaita. Waɗansu kan tsorata su ruga gareji, a karɓe musu kuɗi a kan inji mai lafiya. Waɗansu kuma injinsu na faɗa musu ciwonsa ta wannan kafa, ba su ji ba, sai ran da ya buga a tsakiyar rani.

Inda Iskar Ke Fitowa

A cikin inji akwai fistin, yana hawa yana sauka cikin silinda, da zobba kewaye da shi don su tare wuta. Kome kyan zobban nan, duk lokacin da wuta ta tashi sai ɗan hayaƙi ya sulale ta gefensu ya faɗa cikin ɗakin baƙin mai da ke ƙasa. Hayaƙin nan yana ɗauke da tururin ruwa da fetur da bai ƙone ba. In aka bar shi ya taru sai ya gurɓata mai, ya kuma matsa wa robobin inji har su fara yoyo. Saboda haka dole a yi masa hanya.

A motocin dā bututu ne kurum ake sakowa ƙasa, hayaƙin ya fice waje. A shekarar 1961 aka fara sa wa sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya ta Amurka wata dabara, don hayaƙin motoci ya dami biranensu, cikin 'yan shekaru kuwa ta bazu ko'ina. Dabarar ita ce a haɗa ɗakin mai da maƙogwaron inji da ɗan tiyo, a sa masa ƙaramin bawul, inji ya riƙa zuƙe hayaƙin yana ƙone shi. Makanikai na kiran bawul ɗin PCV. Motocin fetur na yanzu duk suna da irin wannan hanya.

Dalilin Sakewar Murya

Sa'ad da mota ke tsaye tana kunne ba a taka totur ba, abin da makanikai ke kira sulo, injin yana juyawa kamar sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Ƙofar iska tana kusan rufe, iska kaɗan yake sha, fetur kaɗan. Ma'aunin da fetur ya fi ƙonewa da shi kuwa, in an bi nauyi, shi ne kashi ɗaya na fetur ga kashi 14.7 na iska. Da kafireta da kwamfutar motocin zamani duk aikinsu ke nan, su auna iskar da ta shigo su ba ta fetur daidai da ita.

To, da an cire murfin mai an buɗe wata ƙofa da ba ta cikin lissafi. Iska ta bi ta ɗakin mai, ta bi tiyon nan, ta faɗa maƙogwaron inji ba wanda ya auna ta. Watau kamar a ƙara wa kunu ruwa bayan an gama dama shi. Fetur ya yi wa iska kaɗan, inji ya kama kakkarwa. A wata motar kwamfuta kan yi maza ta ƙara fetur, shi ya sa a kan ji gudun ya ɗan hau. Wannan ba ciwo ba ne, shaida ce hanyar zuƙar tana aiki. Waɗansu motoci, musamman na Turai, sakewar takan fi yawa, har su mutu. Waɗansu kuwa da kyar kunne ke ji, gama ginin ba ɗaya ba ne.

Abin Da Za A Lura Da Shi

Wanda zai sayi tsohuwar mota ko tarakta, wannan gwaji zai amfane shi ƙwarai, ba ya kuwa cin ko kwabo. A bar inji ya yi zafi tukuna, a tsaya a sulo, a naɗe hannun riga don kada bel ko fanka su kama shi, sa'an nan a kwance murfi a hankali, a kau da fuska.

In an ɗora 'yar takarda mai kauri a bakin ramin aka ga injin fetur yana ɗan jawo ta, to lafiya lau. In murfin ya ƙi fita sai da ƙarfi, ana jin fito kamar na usur, to zuƙar ta yi yawa, robar bawul ɗin ta yage. Irin wannan mota takan sha mai ta yi shuɗin hayaƙi, amma gyaranta mai sauƙi ne, bawul kawai za a sake. In kuwa iska ce ke bugowa waje da ƙarfi, da hayaƙi fuf-fuf kamar na zugazugi, to ɗayan biyu ne: ko bawul da tiyo sun toshe da datti, ko zobba sun cinye. Na farko gyara ne na kuɗi kaɗan, na biyu sai an sauke inji. Don haka mai hankali ya sa a fara duba bawul da tiyo kafin ya yarda a kwance masa inji. Bayan haka ne za a auna matsin kowace silinda a tabbatar.

Tarakta Da Injin Niƙa

Injin gas, watau dizal, hanyarsa dabam ce. Tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka fara ƙerawa a 1964, da injinan niƙa irin Lister, ba a maƙure musu iska. Iya son ransu suke sha, man gas kaɗai ake auna musu. Bututun hayaƙin ɗakin mai kuma waje yake zubarwa kamar motocin dā. Saboda haka in an cire murfinsu sulo ba ya sakewa, ba kuwa laifi ba ne. Gwajinsu shi ne a kwance murfin a ɗora shi bisa ramin ba a ɗaure ba. In ya ɗan yi rawa ya zauna, injin yana da sauran ƙarfi. In iska ta yi ta wurgar da shi, bututun ƙasa yana feshin hayaƙi da ɗigon mai, ga wuyar tashi da safe, mai saye ya san akwai aiki gaba, ya rage kuɗi ko ya haƙura.

Injin Ban Ruwa

Ƙaramin injin fetur mai silinda ɗaya, irin wanda ya cika fadamu tun daga Kadawa har Bakolori, shi ba a gwada shi haka ko kusa. Ba shi da famfon mai, wani ɗan cokali ne a ciki ke faɗawa cikin mai yana watsa shi. Murfinsa kuwa a ƙasa yake, dab da man. Wanda ya buɗe shi yana kunne, mai zafi ne zai fesa masa, a yi hasarar mai a yi ta fata. Irin Honda GX160 abin da yake ci bai wuce kamar lita 0.6 ba, kaɗan ya zube an shiga hatsari. Da yawansu suna da na'urar da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa. In aka girke inji a karkace a bakin rafi, man ya koma gefe ɗaya, sai ya yi ta mutuwa ko ya ƙi tashi. Maganinsa a daidaita masa wuri a cika mai. Tsinke wayar na'urar, kamar yadda waɗansu ke yi, ɗaure bakin kare ne ɓarawo na tsakar gida. Sabon inji a juye masa mai bayan aikin awa 20, daga nan kowace awa 100, in ƙura ta yi yawa a gaggauta.

Yadda Ake Ƙari

Kowane irin inji, a kashe shi kafin a zuba masa mai. A tsayar da shi wuri mai daidai, a jira minti biyar zuwa goma man ya gangaro. A zare sandar awo, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Tsakanin zanen ƙasa da na sama a yawancin motoci kamar lita ɗaya ne. A goge kewayen murfi kafin a buɗe, a sa mazurari mai tsabta, gama ƙurar hunturu in ta shiga mai sai ta riƙa goge ƙarfe kamar yashi. A zuba kaɗan-kaɗan ana aunawa. A sayi irin man da takardar injin ta ce, cikin galan rufaffe. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya ba wanda ya san asalinsa.

Kada a wuce zanen sama da sunan kyautatawa. Mai in ya yi yawa, karanshaf ke faɗawa cikinsa yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta raba ƙarfe da ƙarfe. Rarar takan bi tiyon nan ta shiga maƙogwaro, fulogi ya jiƙe, sulo ya lalace. A injin gas mai irin wannan tiyo abin ya fi muni, don yana iya kama cin baƙin mansa ya zabura da gudu, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta faru sai a toshe masa hanyar iska da katako, kada a sa tafin hannu.

In an gama ƙari mota ta kama kakkarwar da ba ta yi dā, a fara duba abin da hannu ya taɓa: murfi bai ɗauru ba, robarsa ta faɗi, sandar awo ba ta zauna ba, ko an tunkuɗe wani tiyo. In kuwa muryarta ta yi daɗi bayan ƙari, ƙaras-ƙaras ɗin da take yi ya ɓace, kada a yi murna da yawa. Ma'anarsa an bar ta da ƙishirwa ta daɗe, sai a nemi inda man ke tafiya. Man da ke hawa shi kaɗai yana warin fetur ko gas, da wanda ya koma kalar shayi da madara, su ma ba a kwana da su, don mai ko ruwa ne ke tsiyaya ciki.

Tumatir da ya fara fure ba ya jiran makaniki ya dawo daga Kano da kayan gyara. Manomi ya mai da duban mai al'adarsa kowace safiya kafin ya ta da inji, ya koya wa yaransa, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da rani mai albarka, amin.