Da tattalin arziki ya karye, me ya riƙe Mafara, Bakura da Maradun?

Babu rijiyar mai ko ɗaya a Talata Mafara, Bakura ko Maradun. Amma da farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, gidajenmu sun ji a jikinsu. A Agustan 2016, lokacin mu masu shekara ashirin yanzu muna ƙananan azuzuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tabbatar tattalin arzikin Najeriya ya karye. Ana faɗin haka ne idan abin da ƙasa ke samarwa ya ragu a wata uku, ya sake raguwa a wata ukun da ke biye.

To ta ina abin ya iso mana? Ta aljihun ma'aikaci. Zamfara da ƙananan hukumominta sun dogara ne da kason wata-wata daga asusun tarayya, wanda kuɗin mai ke cikawa. Da kason ya ragu, albashi ya riƙa makara a jihohi da dama. Malamin da bai ga albashi ba ba zai kai ɗinki ba, zai dakatar da birkila, ya taka da ƙafa maimakon hawa acaɓa. Mai shago kuma littafin bashinsa ya cika. Ga kaya sun yi tsada, don hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Wanda ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a irin wannan lokaci, takardarsa sai ta daɗe a akwati.

Sai dai muna da abin da yankuna da yawa ba su da shi, wato madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. A Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da sayar wa masu shigo da shinkafa dala, sai 'yar waje ta yi tsada, 'yar gida ta samu daraja. Ita kuwa shinkafa ba mutum ɗaya take ciyarwa ba. Akwai mai dashe, mai korar tsuntsu, mai yanka, matan da ke turarawa, mai injin casa, ɗan dako, da direban da zai ɗauko ta zuwa kasuwar ranar Talata. Ko ana cikin matsi, ana fasa sayen sabuwar waya, ba a fasa tuwo. Mu a ganinmu, makaniken da ya iya gyaran injin ban ruwa ya fi mai jiran takardar ɗaukar aiki kwanciyar hankali a shekarun nan.

Ƙasar ta farfaɗo a 2017, annobar korona ta sake kayar da ita a 2020. Amma abin da ya fi girgiza mu ba daga kasuwar mai ya zo ba. A Agustan 2021 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma suka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandaren Kaya da ke Maradun. Aka rufe makarantu da kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya. A lissafin Abuja, tattalin arzikin Najeriya yana haɓaka a shekarar. A nan kuwa ruwa na kwance a Bakolori, manomi na tsoron hanyar gona, mai buhu a ɗaki ba shi da kasuwar da zai kai.