Kukan Birki: Yadda Mai Mota Zai Gane Dalilinsa

 Ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai da fatake, batunmu na wannan mako shi ne kukan da birkin mota ke yi, da yadda mutum zai rarrabe wanda ba shi da lahani da wanda ke shelar hatsari. Kada wani ya ce wannan zancen makanikai ne. Motar da ta ɗauko gero daga Dawanau, ko almajirai zuwa musabaƙa, dukiya ce da rayuka a cikinta, kiyaye su kuwa yana cikin manyan abubuwan da Shari'a ta zo dominsu.

Ku sani birki iri biyu ne. Akwai mai faifai, watau faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da wasu 'yan fallaye biyu da makanikai ke kira fad, waɗanda kalifa ke matsawa jikin faifan daga gefe biyu. Akwai kuma mai ganga, wanda a ke kira duram, inda wasu lanƙwasassun ƙarafa biyu, watau shu, ke buɗewa su tokari gangar daga ciki. Yawancin ƙananan motoci faifai ne a gaba, a baya kuwa ko faifai ko ganga. Dukansu da gogayya su ke aiki, ita kuwa gogayya ba ta rabuwa da zafi da cinyewa da sauti. Tun a 1902 wani Bature ɗan Ingila, Lanchester, ya ƙago birki mai faifai, amma bai karɓu ba a zamaninsa, kuma cikin abin da a ka kushe shi da shi har da tsananin ƙararsa. Ke nan matsalar tsohuwa ce.

Malamin tajwidi ba ya cewa da almajiri ya yi kuskure ya yi shiru. Sai ya faɗi harafin, da mafitarsa, da ko kuskuren bayyananne ne ko ɓoyayye. Haka ya kamata mai mota ya saurari birkinsa da tambayoyi uku: wane irin kuka ne, a wane lokaci ya ke zuwa, daga wace taya ya ke fitowa. A nemi hanya marar cunkoso, a sauke gilashi, a kashe rediyo, a yi tafiya sannu kusa da katanga domin sautin ya dawo kunne, a taka birki a saki, sau da dama.

Na farko, gurzar safiya. In mota ta kwana cikin ruwan sama ko raɓa, ko an wanke ta, tsatsa kan hau faifan, sai a ji gurza a takun farko. Bayan an taka sau uku ko huɗu fad ya share tsatsar, kukan ya ɓace. Wannan babu laifi. Kusa da shi akwai ƙurar hunturu da yashin hanyar ƙauye, waɗanda kan taru cikin ganga su sa tsuwa. Maganinsu a buɗe a wanke. Amma kada a hure ƙurar da baki ko da iskar famfo, domin wasu fad da shu, tun ba tsofaffi ba, suna ɗauke da asbestos, mai cutar huhu.

Na biyu, siririyar tsuwa mai huda kunne wadda ba ta daina wa da hantsi. A jikin fad da yawa an dasa wani ɗan harshen ƙarfe da gangan. Sabon fad kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne; in ya cinye ya rage kamar 2 ko 3, harshen nan sai ya fara taɓa faifai ya yi tsuwa. Wannan mai gargaɗi ne, ma'anarsa a sake fad a cikin kwanakin nan. Wani lokaci kuma fad na da sauran kauri, amma zafi ya gasa fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli kamar tangaran, ko kuwa jabu ne tun asali. Sai ya yi ta tsuwa, kamunsa kuma ya yi rauni.

Na uku, shi ne mafi muni: gurza mai nauyi kamar dutsen niƙa babu hatsi, duk sa'ad da a ka taka. Fad ya ƙare ƙaƙaf, ƙarfen bayansa ke cin faifai. Wanda ya ji wannan kada ya yi lodi, kada ya ɗauki fasinja, sai gareji mafi kusa, a hankali. Jiya kuɗin fad kaɗai zai biya, yau ga na faifai, gobe kuwa Allah kaɗai Ya san abin da zai biya. In kuma gurzar ba ta yankewa ko an taka ko ba a taka ba, to, ko tsakuwa ce ta maƙale tsakanin faifai da marfin ƙarfen da ke bayansa, ko kalifa ce ta cije ba ta saki. Alamar ta biyun, mota na ja gefe guda, ana jin ƙauri, kuma wilin nan ya fi 'yan'uwansa zafi. A kusanta hannu kawai, kada a taɓa.

Na huɗu, birki na harbin ƙafa, sitiyari na karkarwa in an taka ana gudu. Galibi faifai ne kaurinsa ya daina daidaita. Ana iya fere shi a inji muddin bai gaza iyakar kaurin da masu ƙira su ka rubuta a jikinsa ba. In ya gaza sai sabo. Sai dai motar da ke da na'urar ABS, in an taka da ƙarfi bisa santsi ko yashi, ita ma ta kan harbi ƙafa da gurnani. Aikinta ke nan, kada a ɗaga ƙafa.

Na biyar, ƙwas sau guda a farkon taku, ko sa'ad da a ka koma da baya. A duba ƙusoshin kalifa da 'yan maƙallan da ke riƙe fad, domin a kan manta su wajen gyara. Akwai kuma kukan da a ke ɗora wa birki ba nasa ba ne: ruri mai ƙaruwa da gudu, mai sauyawa in an sha kwana, wannan boris ne na taya. Masu manyan motoci masu birkin iska kuwa, huci sau guda in an saki ƙafa al'ada ce. Huci marar yankewa, allurar iska na sauka, yoyo ne.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci: shirun birki ba shaidar lafiyarsa ba ne. Man birki in ya yi yoyo, ko iska ta shiga bututu, babu wata ƙara, sai dai ƙafa ta nutse. Shi man nan yana tsotsar laima. Nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa ya kan sauko wajen 140, shi ya sa a ke sake shi kamar duk shekara 2. Masu zuba ruwan sabulu a madadinsa su tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa, da ya tafasa kuwa babu birki. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, bisa hanyar Jos zuwa Akwanga, a sauka da ƙaramar giya, kada a ɗora ƙafa bisa birki tun daga sama har ƙasa. Haka nan shafa mai ko giris a fuskar fad domin ya yi shiru, toshe bakin mai gargaɗi ne da kashe birkin gaba ɗaya.

In an je gareji, a faɗa wa makanike amsar tambayoyin nan uku, a tsaya a cire taya a gani da ido, a karɓi tsohon fad a hannu. A sake na dama da na hagu tare, domin in an sake ɗaya mota za ta riƙa fizga.

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid, sun ɗora wa mahayin dabba da mai janta lamunin abin da ta tattake. To, ina ga wanda motarsa ta yi mako tana yi masa kuka ya toshe kunne? Haka mai sayar da mota, wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani a birkinta, in ya ɓoye ya yi algus. Addu'ar tafiya tana nan, ba mu barinta, amma tawakkali ba ya kore riƙon sababi, rigakafi kuwa ya fi magani.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya sa albarka cikin fataucinmu. Amin. Wassalamu.