“Mañana”: Kalmar da ta sa na rasa jarrabawa

Ranar wata Litinin da asuba malamar da ke koya mana Sifaniyanci ta intanet daga Madrid ta turo saƙo cewa akwai jarrabawa “esta mañana”. Ina ganin “mañana” na ce ai gobe ne, na ja bargo na koma barci. Kafin in farka har an gama. Ashe “yau da safe” take nufi!

Ga yadda abin yake. Idan kalmar ta zo ita kaɗai, gobe ke nan. “La mañana” kuwa safiya ce, “el mañana” kuma rayuwar nan gaba. Shi ya sa idan Basifaniye zai ce gobe da safe sai ya ninka ta: “mañana por la mañana”. Jibi kuma “pasado mañana”. Kai, har ƙarfe 2 na dare ma “las dos de la mañana” suke cewa.

Kada ka yi mamaki, mu ma haka muke da “rana”: ga wadda ke fitowa daga gabas, ga ranar Juma’a, ga “wannan kayan zai yi maka rana”.

Don haka ’yan uwa masu koyo, ku daina haddace kalma tsurarta. Ku riƙa duba abin da ke gabanta da bayanta, ku haddace ta cikin jimla. Ni dai sai da na jira wata guda kafin a sake ba ni dama.