Hajar Da Ke Kwana Shekara Uku A Ganga: Yadda Ake Dafa Giya Mai Tsami A Beljiyam Da Yadda Ake Tantance Ta

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen goro lokacin da yake araha, ya ɗaure shi a huhu ya zauna jiran ya zama daushe, ya san irin zullumin da ke tattare da binne kuɗi a cikin kayan da ke iya lalacewa. Sai an riƙa kwancewa ana dubawa, a tsince wanda sankara ta shiga, a sauya ganye, a sake ɗaurewa, kuma duk da wannan wahala babu tabbacin farashin da za a tarar nan da wata shida zai mayar da uwar kuɗi. To a can ƙasar Beljiyam akwai wasu 'yan tsirarun gidaje da sana'arsu ke nan, sai dai su jiran nasu yakan kai shekara uku, hajar tasu kuwa wata giya ce mai tsami da suke kira lambik.

Na san akasarin masu karanta wannan shafi ba sa shan giya kuma ba sa cinikinta domin addini ya hana, ni ma ban taɓa kai ta baki ba. Abin da ya ja hankalina shi ne sana'ar kanta, wato yadda haja ta kusa mutuwa a kasuwa saboda tsaminta, daga baya kuma wannan tsamin ya zama shi ne mutane ke tsallake teku suna nema.

Ana yin lambik ne a birnin Burusel da wani yanki na ƙauyuka da ke kudu maso yammacinsa mai suna Pajottenland, a kwarin kogin Sen. Kayan haɗinta sha'ir ne da aka tsirar, da ɗanyar alkama wadda ba ta gaza kashi 30 cikin 100 ba, da ruwa, sai kuma furen wani tsiro mai yaɗo da Faransawa ke kira hublon. Wannan fure shi ne ke ba giyar kwalba ɗaci da ƙanshi, amma masu lambik ba sa amfani da sabo wajen dafuwa. Sukan ajiye shi shekara biyu zuwa uku har ɗacin ya gudu, domin abin da suke so a jikinsa kawai shi ne ƙarfin da yake da shi na hana ruɓewa.

Inda suka sha bamban da sauran masu giya na duniya shi ne bayan an sauke tukunya. Manyan kamfanoni sukan rufe ruwan ruf don kada iska ta taɓa shi, su zuba yis ɗin da suka zaɓa da kansu. Su kuwa waɗannan sai su tura ruwan da zafinsa zuwa saman bene, su juye shi a wani faffaɗan faranti na jan ƙarfe wanda ba shi da zurfi, su buɗe tagogi su tafi su kwanta. Kafin gari ya waye ruwan ya huce, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin iska da katakon ginin sun sauka a kansa. Daga nan sai a ɗura shi a tsofaffin gangunan katako, galibi waɗanda aka gama ajiye ruwan inabi a cikinsu, su ma kuma da nasu ƙwayoyin a maƙale a jikin katakon.

Abin da ke faruwa cikin gangar kamar kasuwa ce mai ci rukuni-rukuni. Da farko yis irin na burodi ne ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Bayan wasu watanni, idan zafin bazararsu ya shigo, sai ƙwayoyin da ke kawo tsami su karɓa, kuma dangin waɗanda ke tsamama nono da gasarar koko ne. A wannan gaɓa wani lokaci giyar takan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, su da kansu sukan ce ta yi rashin lafiya, amma ba sa zubarwa, domin akwai wani yis na daji mai jinkirin aiki da ake kira Brettanomyces wanda ke biyowa baya ya cinye yauƙin, ya bar wani irin wari nasa na daban. Ɗaya daga cikin ire-iren wannan yis ma sunan birnin Burusel masana suka laƙaba masa.

Mai karatu da ya san yadda ake burkutu a ƙasar Hausa, ko bilbil a Marwa, ko pito a arewacin Gana, zai ga akwai dangantaka, don su ma sai an bar ruwan dawar ya yi tsami kafin a sake dafawa. Bambancin shi ne mai burkutu tilas ta sayar cikin 'yan kwanaki ko ta yi asara, shi kuwa mai lambik idan ya sayar da wuri ne ya yi asara.

Ba a cika sayar da ganga guda yadda take ba. Akwai gwanin gauraya wanda aikinsa shi ne ya bi ganguna ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa, ya ɗebi ta shekara ɗaya wadda ke da sauran sukari, ya haɗa da ta shekara biyu da ta shekara uku masu zurfin ɗanɗano, a ɗura a kwalabe masu kauri a toshe da toto. A cikin kwalbar sai aikin ya sake tashi, iska ta taru, watanni su wuce. Wannan haɗin shi ake kira gez, kuma ƙarfin barasarsa yakan tsaya wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100.

Yanzu bari mu zo kan wadda ta fi ba masu sayarwa ciwon kai. Gidan Cantillon da ke unguwar Anderlecht, wanda Paul Cantillon ya kafa a 1900, yana da wasu nau'o'i biyu da ake yi wa ƙarin hublon bayan sun gama kwana a ganga. Ba a dafa shi, jiƙa shi kawai ake yi a cikin giyar mai sanyi na 'yan makonni kafin a ɗura a kwalba, kamar dai yadda ake jefa na'ana'a a shayi bayan an sauke. Da yake bai ga wuta ba, ɗacin da yake saki kaɗan ne, ƙanshin ne ke fita. Ta farko sunanta Iris, an fara yin ta a 1998 lokacin da gidan tarihin da ke cikin masana'antar ya cika shekara 20, kuma ita babu alkama a cikinta sam. Ta biyu ita ce Cuvée Saint-Gilloise, lambik mai shekara biyu, wadda aka raɗa wa sunan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Union Saint-Gilloise da masu gidan ke goyon baya. Masu sauraren labarin wasanni za su tuna a nan ne ɗan Nijeriya Victor Boniface ya buga kafin ya koma Jamus a 2023, kuma ƙungiyar ta lashe gasar lig ta ƙasar a 2025, karo na farko tun 1935.

Matsalar wannan nau'i ita ce abubuwa biyu da ke cikin kwalba ɗaya ba sa tafiya tare. Tsamin da warin ganga ƙara gyaruwa suke yi da daɗewa, har akan ajiye gez shekara 10 ko 20 a ɗakin ƙasa. Ƙanshin furen kuwa ba ya jira, cikin watanni yake dushewa. Saboda haka mai shago da ya sayi irin wannan kwalba dole ya yanke shawara, ko ya fitar da ita da wuri ga masu son ƙanshi, ko ya riƙe ta ya sayar wa masu son tsohuwa, ya kuma san cewa abin da ya riƙe ba shi ne abin da ya saya ba.

Yadda suke ɗanɗana ta ma abin kallo ne, kuma ya fi kama da yadda dillalin turare ke gwada haja fiye da yadda mashaya ke yi a mashaya. Ba sa sa ta ta yi sanyi ƙarara, sun fi son sanyin ɗakin ƙasa, wajen digiri 12, don sanyi mai yawa yana kulle ƙanshi. Akan kwantar da kwalbar a ɗan kwando a zuba a hankali don kada gurɓin da ya kwanta a ƙasa ya tashi. Sai a duba launi, wanda yakan kasance ruwan zuma mai ɗan duhu-duhu. Sannan hanci, kuma a nan suka fi daɗewa. Abin da ya kamata ya fara isowa shi ne ƙanshin furen, kamar ɗanyar ciyawa da ɓawon lemo. A ƙarƙashinsa sai warin wancan yis na daji, wanda su da bakinsu suke kwatantawa da busasshiyar harawa, da tsohuwar fata, da bargon da aka cire daga bayan doki. Wanda ya taɓa shiga bargar dawakin sarki ya san warin da ake nufi. Abin dariya ne a ce wannan yabo ne, amma mu da muke sayen daddawa da hanci bai kamata mu yi musu dariya da yawa ba.

A baki kuwa abin da suke nema shi ne tsami mai laushi irin na kindirmo ko ɗanyen lemon tsami, wanda ke tsinka yawu, ya wuce ya bar baki a bushe babu zaƙi ko kaɗan, da ɗan bauri na katako a ƙarshe. Idan tsamin ya zama mai yankan maƙogwaro irin na binigar, ko wari ya yi kama da man goge farce, to iska ta shiga gangar fiye da kima, kuma gwani zai ajiye kofin. Sukan kuma bar kofin ya ɗan jima a hannu, su sake shinshinawa, domin abin da aka ji a kurɓin farko ba shi ake ji a na biyar ba.

Duk wannan fa saura ƙiris ya zama tarihi. Lokacin da aka buɗe Cantillon akwai masu dafa giya fiye da 100 a Burusel. Bayan yaƙin duniya na biyu sai bakin jama'a ya koma ga lemon kwalba mai zaƙi da farar giya ta kamfani, wadda ake gamawa cikin makonni. Gidajen lambik suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu manyan kamfanoni suka saye su. Waɗanda suka rage da yawa sai suka bi kasuwa, suka riƙa zuba sukari suna tacewa suna dafa kwalbar don kashe ƙwayoyin, amma suna sayarwa da tsohon sunan. Jean-Pierre Van Roy, surukin gidan Cantillon wanda ya karɓi ragamar sana'ar, ya ƙi bin wannan hanya, kuma don ya samu abin riƙe gidan sai ya mayar da masana'antar gidan tarihi a 1978, baƙi na biya suna shiga kallo. A ganina wannan dabara ta fi taurin kan nasa muhimmanci, domin taurin kai kaɗai ba ya biyan ma'aikata.

Sai a 1997 aka samu kariya ta doka. Tarayyar Turai ta amince cewa kalmar “tsohuwa” a jikin kwalba, wato Oude da harshen Filamanci, ba za ta hau ba sai kan wadda aka yi ta hanyar gargajiya, da kason da ya shekara uku a katako, kuma ta sake tashi a cikin kwalba. A wannan shekara ce kuma wasu daga cikin masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu mai suna HORAL. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giya ta Beljiyam cikin jerin al'adun duniya da take karewa. Amurkawa ma sun shigo ciki, kamfanin New Belgium na jihar Kolorado ya fitar da tasa mai suna Le Terroir, wadda ita ma ke kwana a katako kafin a jiƙa mata hublon irin nasu mai ƙanshin mangwaro.

Da kasuwa ta buɗe sai 'yan baranda suka shigo. Mutum zai sayi kwalba a ƙofar masana'anta a farashin gida, ya sa ta a intanet ya ninka kuɗin sau da yawa. Wannan ya sa Cantillon ya ƙayyade yawan kwalaben da mutum ɗaya zai saya daga wasu nau'o'in, kuma daga 2011 wata giya ta musamman da yake fitarwa mai suna Zwanze sai ya koma aika ta wasu zaɓaɓɓun wurare a ƙasashe daban-daban, a buɗe a rana ɗaya a shanye a wurin, don kada kowa ya samu abin ɓoyewa.

Hatsarin ajiya kuwa bai gushe ba. A watan Mayun 2009 na'urar daidaita zafi ta lalace a rumbun ajiyar gidan 3 Fonteinen da ke garin Beersel, zafi ya haura har wajen digiri 60, wasu kwalabe suka fashe, sauran suka dahu. Kimanin kwalabe 80,000 suka tashi aiki, wato wahalar shekaru a 'yan kwanaki. Mai gidan, Armand Debelder, wanda yana cikin waɗanda suka kafa HORAL, sai da ya daina dafawa na wasu shekaru. Masoya hajarsa suka zo suka taya shi buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, aka tace abin da ya rage aka mayar da shi barasa mai ƙarfi aka sayar don rage asara. Gidan ya farfaɗo ya ma faɗaɗa kafin rasuwarsa a 2022.

Abin da ya fi damun su a 'yan shekarun nan shi ne yanayi. Ba a dafa lambik sai daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, saboda farantin nan na saman bene yana bukatar dare mai sanyi, daga ɗan ƙasa da sifiri zuwa digiri 8. Idan daren ya yi ɗumi ruwan ba ya hucewa da wuri, ƙwayoyin da ba a so su riga waɗanda ake so. A kakar 2015 sanyi ya yi jinkirin sauka a Burusel, har Jean Van Roy, ɗan Jean-Pierre wanda ya gaji gidan, ya zubar da dafuwar da ya riga ya yi, ya kashe wuta ya zauna jiran dare ya yi sanyi.